Amsa ga mai neman motar gudu da zai riƙa zuwa aiki da ita cikin dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka tun daren jiya, inda ka ce ka samu aiki a birnin Winifeg na ƙasar Kanada, za ka bar Argungu cikin watan Satumba, kuma kuɗin mota ɗaya gare ka, wadda kake so ta kasance mai ƙarfi da daɗin tuƙi, ta kuma riƙa kai ka wurin aiki kowace safiya duk tsawon shekara. Ka ce ranka yana kan Ford Mustang, wasu kuma sun nuna maka Subaru WRX. Allah ya sanya albarka a tafiyar. Na yi shekara shida a wannan birni kafin in dawo Birnin Kebbi, hunturu shida kuma na yi ina tuƙi a titunansa, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Abin da muke kira hunturu a nan, wanda yake sa mu hura wuta da asuba mu shafa man kaɗe a dunduniya, ba shi ne na can ba. A Winifeg ƙanƙara tana kwanciya daga Nuwamba, ba ta tashi sai Maris, wani lokaci har Afrilu, kuma a Janairu sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Ke nan kusan rabin kwanakin da za ka fita aiki a kan santsi za ka yi su.

Saboda haka maganar taya ita ce gaba da maganar inji. A shekarata ta farko na sayi wata mota ta hannu mai ja da tayoyin baya, kuma wanda ya sayar mini ya tabbatar mini cewa tayoyin da ke jikinta na kowane yanayi ne, za su fitar da ni hunturu. Wata safiya cikin Disamba na doshi danja a hankali, gudun bai wuce kilomita 40 ba, fitila ta yi ja, na taka birki. Birkin ya riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, alamar na'urar hana taya kullewa tana iya ƙoƙarinta, amma motar ta ci gaba da sulalewa kamar kwalekwalen da ya kuɓuce wa matuƙi a Matan Fada, ta ratsa mahaɗar, ba ta tsaya ba sai da ta soke hanci cikin tulin ƙanƙarar gefen titi. Allah ya kiyaye babu mai tsallakawa a lokacin. Na daɗe a zaune riƙe da sitiyari hannuna yana rawa, ina tunanin yaran makarantar da na saba gani a wannan mahaɗa. A cikin makon da abin ya faru na sayi tayoyin hunturu guda huɗu, kuma motar ta zama kamar an musanya mini ita.

Dalili shi ne robar taya ta yau da kullum tana fara sandarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, ita kuwa ta hunturu an haɗa robarta don ta zauna da laushi, an kuma yi mata ƙananan tsage-tsage masu yawa da suke cizon ƙanƙara. Za ka gane ta da tambarin da ke gefenta, hoton dutse mai kololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. A lardin Kwibek doka ce a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Manitoba, inda za ka zauna, ba a tilasta ba, kuma wannan sassaucin ne yake ruɗin baƙi irinmu. Ka kuma lura cewa yawancin motocin gudu suna fitowa daga kamfani da tayoyin bazara zalla, waɗanda suka fi kowace taya haɗari a kan ƙanƙara, don haka duk wadda ka zaɓa, ka ware kuɗin taya huɗu da wilinsu tun kafin ka fara ciniki. Huɗun za ka sa gaba ɗaya. Wanda ya sa biyu a gaba kaɗai don tsimi, bayan motarsa ne zai juyo masa a kwana.

Yanzu ga motocin da ka ambata. Mustang da tayoyin baya take ja, injinta yana gaba, ƙarfinta kuma yana da yawa, ta yadda idan ka ɗan taka totur fiye da kima a kan santsi, bayanta zai fara wutsil-wutsil. Akwai masu tuƙa ta duk hunturu da tayoyi masu kyau da buhun yashi a but, amma mutane ne da suka tashi cikin ƙanƙara tun suna yara. Kai kuwa hunturunka na farko ke nan, ga sabon aiki da ba ka son makara a cikinsa. WRX da tayoyi huɗu take ja a kowane lokaci, kuma samfurin 2022 zuwa sama yana da inji mai lita 2.4 da turbo, mai ƙarfin doki 271, wanda ya ishi duk mai son jin mota tana amsa masa. Volkswagen Golf R ita ma jan huɗu ce, ƙanwarta GTI jan gaba ce, kuma da tayoyin hunturu tana yin abin da ake buƙata a cikin gari, tun da nauyin inji yana danne tayoyin da ke ja. Tsakanin biyun da ka kawo, WRX nake ba ka shawara, ba tare da wata tantama ba. Sai dai ka sani fetur mai tsada take sha, kuma ka tambayi kuɗin inshorarta kafin ka biya, domin a Manitoba hukumar lardi ce ke yin inshorar dole, kuma irin motar yana cikin abin da ake dubawa.

Ga wani gargaɗi da nake so ka riƙe da kyau. Jan huɗu yana taimakon mota ta tashi ne, ba ya taimakonta ta tsaya. Duk wanda ya taɓa shiga fadama da damina ya san mota mai jan huɗu tana fita daga lakar da ta riƙe wasu, to haka take a ƙanƙara, sai direba ya ji ta tashi garau daga danja, ya ɗauka titin ba santsi, ya ƙara wuta. Idan aka zo birki kuwa, kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa, babu fifiko. Mafi yawan motocin da na gani a cikin rami a gefen babban titin da ya zagaye birnin bayan an kwana ana zuba, manya ne masu jan huɗu.

Sai tsawon mota daga ƙasa, wanda masu son motar gudu ba sa son a taɓo. Ƙananan layukan unguwa ba a share su da wuri kamar manyan tituna, sai tayoyi su haƙa kwari biyu, tsakiya ta yi tudu ta daskare kamar dutse. Mota mai kwanciya a ƙasa cikinta zai hau tudun nan, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Kada ka sayi wadda mai ita ya rage mata tsawo don ado, kuma ka sa wa tayoyin hunturu wili ƙarami, matuƙar zai wuce kan birkin, domin taya mai kauri ta fi jure ramukan da ke ɓullowa idan ƙanƙara ta narke.

Za ka ga filogi yana reto a gaban kusan kowace mota a can. Na hitar inji ne, ana jona shi a soket ɗin da ke jikin ginshiƙan wuraren ajiye motoci don kada man inji ya yi kauri batir ya kasa tayar da ita. Ka tabbatar taka tana da shi. Ka ajiye ƙaramin shebur da bargo da wayar jona batir a but, kuma idan ka maƙale kana jiran taimako da inji a kunne, ka fita ka share bakin salansa, domin idan ƙanƙara ta toshe shi hayaƙi mai kisa yana komawa cikin mota ba tare da wari ba.

Idan ta hannu za ka saya, ka sa makanike ya ɗaga ta ka duba cikinta da idonka, saboda gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfe, kuma tsatsar da muke gani a ƙarƙashin wasu motocin tokumbo a nan daga irin waɗannan garuruwa ta samo asali. Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka kuma, ka nemi filin ajiye motoci da babu kowa, ka yi ta tashi da taka birki da shan kwana a hankali har ƙafarka ta san inda motar take fara zamewa. Idan ka samu wadda ta kwanta maka, ka turo hotunan ƙarƙashinta da na gefen tayoyin a nan, in sha Allahu zan duba maka kafin ka biya.