Me ya sa Pirlo ya gagara a fili amma aikin koci ya ba shi wahala?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun sha musu a gidan kallon ƙwallo a kan Andrea Pirlo. Kowa ya yarda gwani ne a tsakiyar fili, to me ya hana shi kai labari da ya zama koci, alhali Ancelotti da Conte, su ma tsoffin 'yan tsakiyar Italiya, sun yi fice?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sai mun fara duba gurbin da ya buga, don a nan bakin zaren yake.

Pirlo ya taso ne a Brescia yana buga lamba 10. Inter ta saye shi a 1998, bai samu wurin zama ba. Da aka mayar da shi Brescia aro a 2001, sai ya tarar da Roberto Baggio a gurbinsa, koci Carlo Mazzone kuwa ya ja shi baya, ya ajiye shi a gaban 'yan baya. Italiyawa na kiran mai wannan aiki regista, wato mai tsara wasa daga baya. A can babu cunkoso sosai, kuma fili duka yana gabansa: ya karɓi ƙwallo, ya ɗaga kai, ya cilla ta inda ya ga dama.

Sai dai gurbin yana da sharaɗi. Pirlo ba mai gudu ba ne, ba kuma mai ƙwace ba, dole a haɗa shi da masu yi masa dako. A Milan, Ancelotti ya sa masa Gattuso da Seedorf a gefe, suka ci Kofin Zakarun Turai a 2003 da 2007. Gattuson ne dai ya rufa masa baya da Italiya ta ɗauki Kofin Duniya a 2006. A Juventus Vidal da Marchisio ne, daga baya Pogba, aka ci Serie A huɗu a jere. Maganinsa ma sananne ne: a 2010 Ferguson, kocin Manchester United a lokacin, ya sa ɗan wasansa Park Ji-sung ya liƙe masa kamar kaska, wasan Milan ya tsaya cak.

Yanzu ga aikin koci. Juventus ta ba shi ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 23 a ƙarshen Yulin 2020. Bai ja ragamar wasa ko ɗaya ba aka kori Sarri, kocin babbar ƙungiya, aka ɗora shi a kanta ranar 8 ga Agusta. Tsarin da ya zo da shi mai kyau ne a takarda: in ƙwallo na hannunsu su koma 3-2-5, Danilo ya shigo ciki ya zama na uku a baya, in ta kuɓuce su koma 4-4-2 su matsa. Tsarin yana buƙatar ɗan tsakiya mai sanyin kai da zai fito da ƙwallo daga baya, wato irin Pirlo kansa, kuma ba shi da shi. A gidan Porto a Kofin Zakarun Turai, minti ɗaya da fara wasa Bentancur na Juventus ya mayar wa mai tsaron gida ƙwallo ba ƙarfi, Taremi na Porto ya zura ta. A gida da Benevento, Arthur ya ratsa da ƙwallo ta gaban ragarsu, Gaich na Benevento ya tare ya ci, aka tashi 1-0. Matsin lamba daga gaba ma bai yiwu ba, don Ronaldo ya ci 29 a Serie A amma ba ya bin 'yan baya da gudu.

Su Ancelotti kuwa daga ƙasa suka faro. Ancelotti ya yi wa koci Sacchi mataimaki a tawagar Italiya, sannan ya kama Reggiana a Serie B. Conte ya bi ta Arezzo, Bari, Atalanta da Siena kafin ya isa Juventus a 2011. Sun yi kurakuransu inda ido bai yi yawa ba. Pirlo sai bayan Juventus ta sallame shi ya je koyo, a Karagümrük ta Turkiyya da Sampdoria, wadda ta kore shi a Agustan 2024.

A ganina an yi gaggawar ɗora shi, an kuma yi gaggawar sauke shi. A Juventus ya ƙare na huɗu a Serie A da maki 78, ya ɗauki Coppa Italia da Supercoppa. Allegri da ya gaje shi ya ƙare na huɗun da maki 70, ko kofi ɗaya bai ɗauka ba a kakar.