Amsa ga mai tambaya kan sanyaya furosesa da ruwa

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana haɗa bidiyo da kwamfuta mai furosesa Ryzen 9 7900X ta kamfanin AMD, zafinta na kaiwa digiri 95, kana son sa mata na'urar sanyayawa ta ruwa, wato AIO, amma kana tsoron kada ta yi yoyo ta ƙona maka kaya. Shekara bakwai ke nan ina amfani da irinta, yanzu ina kan ta biyu, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Da farko, 95 ɗin nan kada ya tayar maka da hankali. Haka AMD ta tsara jerin Ryzen 7000: idan aiki ya yi nauyi, furosesar za ta yi ta ƙara gudu har sai ta taɓa 95, sannan ta tsaya a nan. Ko ka sa ruwa, kana iya ganin lambar ba ta sauka sosai ba. Ribar da za ka samu ita ce gudun zai daɗe bai faɗi ba, ƙarar fanka kuma ta ragu.

Batun yoyo kuwa, yana faruwa, amma ba kasafai ba. A rufe take zuwa daga kamfani, ba ka zuba mata komai, ba ka buɗe komai. Ni ban taɓa ganin ɗigo ko ɗaya ba. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne famfon, ɗan injin da ke zaune a kan furosesa yana tura ruwan ta tiyo zuwa lagireto.

Ta farkon da na saya, a shekararta ta biyar ta fara wani ƙululu kamar cikin mai jin yunwa, musamman idan na kunna da safe. Na share. Wata rana ina tsakiyar aiki kwamfutar ta ɗauke ɗif. Na sake kunnawa na shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tun kwamfuta na tashi, sai ga zafi yana hawa a gaban idona ba tare da ana wani aiki ba. Fankoki na juyawa lafiya lau, fitilu na ta walwali. Da na sa hannu, bakin tiyon da ke kusa da furosesa ya yi zafi zau, lagireto kuwa sanyi ƙalau. Ruwa ba ya tafiya, famfo ya mutu.

Kuma laifina ne. A ƙasan akwatin kwamfutar na kwantar da lagireton don ya fi mini kyan gani, sai famfo ya zama shi ne a sama da komai. Ruwan ciki yana raguwa kaɗan-kaɗan da shekaru, yana tsira ta jikin robar tiyo ko da babu huda, iska ta maye gurbinsa. Ita kuwa iska kullum wuri mafi tudu take nema. Ta taru a cikin famfon, shi kuma da ruwan nan yake samun santsin juyawa, ya yi ta gudu a bushe har ya gaji. Saboda haka idan akwatinka zai ɗauka, ɗaura lagireto a sama. In a gaba za ka sa shi, ka tabbata saman lagireton ya ɗara famfo tsawo, in tiyo ya kai kuma, bakinsa ya kalli ƙasa.

Girman lagireto: mai fanka ɗaya, milimita 120, kada ka ɓata lokacinka. Mai 240 ma, wato mai fanka biyu, babbar na'urar sanyayawa ta iska irin Noctua NH-D15 tana kusan kamo ta. Furosesarka mai wat 170 ce, ni 360 mai fanka uku zan ba ka shawara, ko 280. Sai dai ka auna akwatin kafin ka saya, tsawo da kauri duka, domin lagireto da fankokinsa a sama suna iya tokare RAM, wato sandunan ma'adana da ke tsaye kusa da furosesa. Ka duba kuma akwai ƙarfen ɗaurawa na AM5, wato mazaunin irin furosesarka, a cikin kwalin.

Wajen ɗaurawa, akwai 'yar leda ko murfin roba a kan farantin tagullar da ke taɓa furosesa. Cire ta. Kada ka yi dariya, na ga wanda ya kwana yana zagin na'ura, ashe ledar ce bai ɓare ba. Yawancinsu suna zuwa da man ɗaukar zafi a shafe, kada ka ƙara wani a kai. Notunan huɗu ka ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba ka gama da ɗaya sannan ka koma ɗaya ba. Wayar famfo ta tafi ramin da aka rubuta wa AIO_PUMP a kan babban allon kwamfutar, ka bar gudunsa a tsaye wuri ɗaya, ba ya son hawa da sauka. Fankoki su tafi CPU_FAN, in ba haka ba wasu allunan za su tsayar da kai da gargaɗi tun wajen tashi.

In za ka gwada, kada ka yi minti biyu ka fara murna. Ruwa yana jimawa kafin ya ɗau zafi. Bar Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ta yi rabin awa, kana kallon zafin a manhajar HWiNFO, nan ne lambar gaskiya take fitowa.

Duk wata uku ko huɗu ina hure ƙurar da ke liƙewa tsakanin fanka da lagireto, tana yin kauri kamar bargo. Na kuma sa BIOS ta yi mini ƙara idan gudun famfo ya faɗi. Nemi mai garantin shekara 5 ko 6, ka ajiye rasit. Na'urar iskar da kake amfani da ita yanzu ma kada ka sayar, sa ta a kwali tare da notunanta. Ranar da tawa ta mutu, tsohuwar fankar da na jefa ƙarƙashin tebur ce ta ƙarasa mini aikin wannan makon.