Ga ɗana mai shirin jarrabawar ƙarshe ta likitan dabbobi

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ga tambaya biyu ce ka cusa cikin ɗaya. Ka ce saura wata uku ku zauna jarrabawar ƙarshe a Maiduguri, kana so in yafe maka zuwa asibiti a wannan hutun don ka kulle kanka a ɗaki da littattafai. Sannan wani abokinka ya turo maka tarin tambayoyin jarrabawar lasisi ta Amurka a waya, wai wanda ya haddace su ya gama. Ta farko ban yafe ba. Ta biyu kuwa tana son bayani.

Waccan jarrabawar, NAVLE, ta masu neman aiki ce a Amurka da Kanada. Tambaya 360 ce a kwamfuta, kowace da amsoshin da za ka zaɓi ɗaya. Ba na raina ta, waɗanda suka tsara ta sun san aiki, kuma idan kana son wasa ƙwaƙwalwa kan yadda zuciya ko ƙoda ke aiki, ka ɗan leƙa. Amma yawancin dabbobin da ke cikinta karnukan gida ne da kyanwoyi da dawakai da shanun madara da aladu. Mu nan hanyarmu daban ce. Hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN, wadda dokar 1969 ta ba ta iko, ita ce ke amincewa da makarantarku, ita ce kuma za ta rubuta sunanka a rajista bayan ka ci jarrabawar makarantarku ka yi rantsuwa. Waɗanda suka yi karatu a waje, kamar Sudan ko Masar, su ne ke zama jarrabawar hukumar ta daban kafin a ba su lamba. Kai kuwa malamanka ne za su zaunar da kai, tare da wani dattijon malami da za a ɗauko daga wata jami'ar, ko Zariya ko Sakkwato ko Ibadan. Wannan baƙon shi ne abin tsoron ɗalibai, kuma abin da yake son ya sani bai wuce ɗaya ba: shin za a iya barin wannan yaro shi kaɗai da dabba marar lafiya da mai ita?

Shi ya sa na ce ka ci gaba da zuwa. Jarrabawar rubutu za ka ci in sha Allahu, na san kanka. Ta baka da ta aikin hannu su ne ke kayar da masu ƙoƙari.

Bari in ba ka misali da abin da muke gani kowace bazara. Bafulatani ya kawo farar saniya Bunaji ta rame, haƙarƙari a waje, gashi ya tashi, ya ce maka sammore ne, a yi mata allura. A wurinsa kusan duk saniyar da ke ramewa sammore ke damunta. Ɗalibin da ya haddace littafi zai kama zuba sunayen ƙwayoyin cuta. Wanda ya saba aiki tambaya zai fara yi: ina garken ya yi rani? Idan an ce can kudu wajen Binuwai ko Taraba, ko gefen dajin Yankari inda ƙudan tsando yake, to sammore ya hau gaba a lissafi. Idan an ce a fadamun Dadin Kowa suka yini suna kiwo a bakin ruwa, sai ka tuna katantanwa da tsutsar hanta. Ka ɗaga fatar idonta ka duba dasashi, in sun yi fari jini ya yi ƙasa. Ka shafa ƙarƙashin haɓa ko akwai kumburin ruwa. Ka taɓa kaluluwar gaban kafaɗa. Ka sa ma'aunin zafi, domin saniya mai lafiya tana tsakanin digiri 38 da 39.5, kuma zazzaɓin sammore zuwa yake yana komawa, rashinsa yau bai wanke ta ba. Ka buɗe baki ka ga haƙora, wata tsufa ne kawai da yunwa, ciyawa ta ƙare tun watan Fabrairu. In tana tari a hankali tsawon watanni, kada tarin fuka ya fita daga ranka. Sai ka ce za ka ɗebi jini da kashi. A nan mai jarrabawa zai ɗan gyara zama ya tambaye ka yadda za ka duba kashin, kuma a nan da yawa ke zamewa. Ƙwan tsutsar hanta nauyi gare shi, ba ya tasowa a ruwan gishiri kamar na tsutsar ciki, sai an bar shi ya kwanta a gindin kwalba. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ba ya mantawa.

Daga nan zai ce to me za ka ba ta, nawa kuma? Kada ka ce "gwargwadon nauyinta" ka yi shiru. Lissafin ya zauna maka a baki. Ƙaramin ƙunshin diminazene, wanda kowa ke kira Berenil, giram 2.36 ne, amma ainihin maganin da ke ciki giram 1.05, ana narka shi a ruwa mil 12.5, kuma a kan miligiram 3.5 ga kowane kilo ya ishi dabba mai kilo 300. Oxytetracycline mai dogon aiki mil 1 ne ga kilo 10, wato sa mai kilo 250 zai sha mil 25, a raba masa wuri biyu ko uku cikin tsoka. Ivermectin mil 1 ga kilo 50, ƙarƙashin fata. Kowane dare kafin ka kwanta ka yi irin wannan lissafin guda biyar da biro, ba da waya ba. Kuma ka koyi kimanta nauyi da ido da igiyar awon ƙirji, don babu sikeli a ruga. Yawancin maganin da makiyaya ke cewa ya daina aiki, rabin adadi aka yi ta ba dabbobi shekara da shekaru har ƙwayoyin cutar suka saba da shi.

Haka kuma ka san wuraren da magani ke zama guba. Albendazole a farkon ciki yana iya lalata ɗan tayi. Dexamethasone a ƙarshen ciki yana sa ɓari, don haka kafin ka soka shi ka sa hannu ka tabbatar. Diminazene da ke ceton sa yana kashe raƙumi. Xylazine da za ka ba doki, in ka ba saniya daidai da shi ka kwantar da ita ke nan, kusan kashi ɗaya cikin goma take buƙata. Paracetamol kuwa ajalin kyanwa ne. Masu jarrabawa suna son waɗannan, saboda a nan ake gane wanda ke da haɗari.

Ciwon huhu ka karanta shi kamar ba ka da wani darasi. Yadda dabbar ke tsayawa ta miƙa wuya, ta ware gwiwoyin gaba, tana nishi idan an kora ta. Ruwan rawaya a ƙirji bayan an yanka, huhun ya manne da haƙarƙari, cikinsa ya yi zane-zane. Dalilin da ya sa penisilin ba ya taɓa shi, wato ƙwayar ba ta da bangon da maganin ke rushewa. Da kuma dalilin da ya sa saniyar da ta "warke" ke iya zama mai ɗauke da cutar ta shafa wa sabon garke a mashaya ko a kasuwa. Idan aka tambaye ka abin yi, kada ka tsaya a allura. Ka ambaci ware marasa lafiya, hana garken yawo, kai rahoto ga ofishin likitan dabbobi na jiha, da rigakafin shekara-shekara da ake haɗawa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Cibiyar nan ta Vom tun 1924 take, kuma ka san cewa ƙwayar da ake rigakafin cutar PPR ta awaki da tumaki da ita a ƙasashe da dama, sunanta Nigeria 75/1, a ƙasar nan aka samo ta. An yi shelar kawar da cutar bushiya ta shanu daga duniya a 2011, yanzu PPR ake hari zuwa 2030. Malaman lafiyar al'umma ba sa gajiya da wannan tambayar.

Akwai tarkon da kusan kowane mai jarrabawa ke ɗanawa. Zai ce an kira ka, sa ya kwana lafiya ya wayi gari matacce, ciki ya kumbura, baƙin jini da bai daskare ba yana fita ta hanci da dubura, me za ka yi? Ɗalibi mai zumuɗi sai ya ce zai buɗe gawar ya duba. Shi ke nan, ya faɗi. Ba a buɗe gawar da ake zargin ciwon saifa, domin da iska ta taɓa ƙwayar sai ta yi ɓawo ta zauna a ƙasar shekaru aru-aru. Ɗigon jini za ka ɗauka daga kunne ka shafa a gilashi, a ƙone gawar ko a binne ta da zurfi, kuma kada mahauci ya kusance ta. Wannan ba tarihi ba ne, a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Ka iya bambanta ta da harbin daji, wanda ke ɗaukar matasan shanu masu ƙiba, da kumburin cinya mai ƙara in ka danna.

Game da duba nama, littafi ba zai yi maka komai ba sai ka tsaya a kwata da asuba. A can za ka ga hantar da tsutsa ta yi wa hanyoyi masu tauri, ka ga kaluluwar huhu mai ƙulli kamar cuku, ka koyi inda ake tsaga tsokar muƙamuƙi da zuciya a nemi ƙwayar tsutsar da ke shiga mutum. A can kuma za ka ga abin da ke ci mini rai, 'yan maruƙan da ake zarowa daga cikin shanun da aka yanka ba a duba ba. Saniya wata tara take ɗauka, kuma minti biyu na hannun likita ya isa ya ceci wannan ɗan. Za ka koyi wani abin ma da babu a manhaja, wato yadda ake gaya wa mahauci cewa hantar nan ba za ta shiga kasuwa ba, a gaban Sarkin Pawa, ba tare da an zare wuƙa ba. Haɗe da wannan ka riƙe maganar kwanakin jira bayan allura. Nonon da aka tatsa jiya daga saniyar da aka yi wa allura shekaranjiya, yau yana cikin ƙwaryar fura a bakin tasha. In an tambaye ka kwana nawa, ka ce ya danganta da maganin kuma yana rubuce a jikin kwalbar, sannan ka kawo misali ɗaya da ka tabbatar.

Kaji ba na jin tsoronsu a kanka, ka yi aikinsu da yawa. Ka dai maimaita jadawalin rigakafin Gumboro da Lasota, da yadda za ka raba cutar Newcastle da murar tsuntsaye wadda ta fara shigo mana a 2006 ta Jihar Kaduna, kuma ka tuna rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 yake son sanyi, wanda a zafin Gombe na watan Afrilu ba ƙaramin aiki ba ne. Haukan kare: a wanke cizon da sabulu da ruwa minti 15, a tura mutum asibiti nan take, a tsare karen kwana 10, in ya mutu a aika kansa cikin ƙanƙara a gwada.

Tsarin da nake ba ka mai sauƙi ne. Safiya a wurina, ka kayar da sa, ka nemo jijiyar wuya, ka yi ɗinki, ka sa hannu ka faɗa mini watannin ciki kafin in faɗa. Da rana ka buɗe littafi a kan abin da ka gani da safen, ba a kan babin da ya biyo baya ba. Da dare ku haɗu ku uku ko huɗu, ɗaya ya zama mai jarrabawa, ku riƙa amsawa da baki da Turanci, da ƙarfi. Na ga yara masu ilimi da harshensu ya ɗaure don ba su taɓa jin muryarsu tana bayanin cuta ba. Tsofaffin tambayoyin makarantarku ka neme su, sun fi na wayar nan amfani nesa ba kusa ba. Ranar jarrabawar kuwa, in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba amma ga yadda za ka bi ka gano. Dattijon nan ya shekara talatin yana jin ƙaryar ɗalibai, daga kalmar farko yake gane ta.

Saura magana ɗaya da ba ka tambaya ba. Da zarar sakamako ya fito 'yan unguwa za su fara kiranka Dakta, ka amsa, ba laifi. Amma kada ka sa hannu a takardar lafiyar dabba ko ta nama, kada ka buɗe wurin kanka, sai an rantsar da kai lambarka ta fito. Kuma kafin ka tafi bautar ƙasa wani mai shagon magani zai zo maka da fara'a, ya ce ka ba shi takardarka ya rataya a bango yana ba ka wani abu duk wata. Duk jabun maganin da aka sayar a shagon, da duk garken da yaron shagon ya yi wa allurar da ba daidai ba, sunanka hukuma za ta nema, kuma tana da ikon goge shi daga rajista. In ya matsa maka, ka turo shi wurina.