Yaya zan san girman fankar zuƙar iska da ta dace da gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ƙarasa gini a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Kicin mita 3 ne da mita 3, tagarsa ƙarama tana kallon katangar maƙwabci. Banɗaki mita 2 da 1.5, ba taga. Daga ƙasa zuwa silin mita 3. Wace fanka zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tsaya ga incin fanka, duba kwalinta ka ga yawan iskar da take ja a awa ɗaya.

Fara da cikin ɗakin: tsawo sau faɗi sau tsayi. Kicin ɗinka kubik mita 27 ke nan. Inda ake suya da tuƙin tuwo ana so iska ta sauya kamar sau 15 a awa, 27 sau 15 ya ba ka kubik mita 405 a awa. Banɗakin kubik mita 9 ne, shi kuma ana so iska ta sauya sau 8 a awa, ya zama 72, amma kada ka sauka ƙasa da 85. In kwalin da CFM aka rubuta, wato kubik ƙafa a minti, ninka lambar da 1.7 ta koma kubik mita a awa.

Sai dai lambar kwali ta fanka ce da ba abin da ya tare ta. Raga, murfin waje da kowace gwiwar bututu suna rage mata ƙarfi, ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da maiƙon suya sai ta toshe ragar. Don haka ƙara kashi 25 cikin ɗari: nemi ta kusan 500 don kicin, ta 110 don banɗaki, a riƙa wanke raga duk wata.

Inda aka fi yin kuskure shi ne hanyar shigar iska. Fanka ba ta fitar da abin da bai shigo ba. In ƙofa ta manne da tayil, za ka ji fankar tana ta ƙugi amma hayaƙi na nan. Ka sa kafinta ya bar santimita 1.5 zuwa 2 a ƙasan ƙofa. Kada kuma a kafa fankar kicin dab da tagar nan, don iskar tagar kawai za ta riƙa ja ta bar hayaƙin. A sa ta sama, kusa da murhu, ta huda bango zuwa waje. Wasu masu wayarin kan bar fankar ta riƙa zuba iskar cikin silin, danshi ya ruɓar da katako.

Wannan lissafi na girkin gas ne ko risho. Gawayi da janareto wurinsu tsakar gida, domin iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma in aka ɗauke wuta fankar ma ta tsaya.