Cutar Chagas: ƙwayar cuta ce ke cin zuciya, ko garkuwar jiki?

Tambaya: Likita, ɗalibar aikin jinya ce ni. Na karanta cewa masu cutar Chagas kan kamu da ciwon zuciya bayan shekaru da yawa, alhali a lokacin da ƙyar ake ganin ƙwayar cutar a jininsu. To, me ke lalata zuciyar?

Amsa: Malama, duka biyun suna da hannu, amma ɓarnar da ake gani yawanci ta garkuwar jiki ce.

Cutar ta yankin Latin Amurka ce. Likitan Brazil, Carlos Chagas, shi ya gano ta a 1909. Ƙwayar, Trypanosoma cruzi, dangi ce ga wadda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka mai kawo ciwon barci da sammore, sai dai ita wani ƙwaro ne mai tsotson jini da dare ke ɗauke da ita. Yakan ɓuya a tsagar bangon ƙasa, ya ciji mutum a fuska, ya yi kashi a wurin. Mai barci ya sosa, ya tura ƙwayar cikin raunin da hannunsa.

Da ta shiga, ƙwayoyin garkuwa kan gane ta, su saki sinadaran saƙo. Manyansu su ne intafiron-gamma da TNF, masu cewa "a far mata". Ba don su ba, da cutar ta kashe mutum tun makonnin farko. Suna rage ta ƙwarai, amma ba sa ƙarar da ita; 'yan kaɗan kan laɓe cikin tsokar zuciya har tsawon rai.

A nan hanya ke rabuwa. A jikin yawancin mutane, wani saƙon mai suna IL-10 kan kwantar da ƙurar, su rayu ba su san suna ɗauke da komai ba. A kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari kuwa, saƙon faɗa ne ke rinjaye. Ƙwayoyin garkuwa da ake kira T kan yi ta kwarara cikin tsokar zuciya shekara da shekaru, kamar masu ƙona rumbu don kashe ɓera. Duk inda tsoka ta mutu, wani saƙon mai suna TGF-beta kan sa a cike gurbin da tabo, shi kuwa tabo ba ya matsawa, ba ya kai saƙon lantarki. Shi ya sa alamar farko kan fito a gwajin ECG mai auna lantarkin zuciya, a ga toshewar hanyar lantarki ta ɓangaren dama. Daga baya zuciya ta buɗe, ƙarshenta na hagu ya siranta ya kumburo, jini ya daskare a ciki, bugu ya rikice har a yi mutuwar fuju'a.

An daɗe ana gardama ko jiki ne kawai ke yaƙar kansa. A ganina hujja ta fi ƙarfi ga cewa ragowar ƙwayar ce ke tsokanar garkuwar kullum, don gwajin PCR, mai gano ƙwayar cuta ko da 'yar kaɗan ce, na samun ta a zuciyoyin da suka lalace.

Sai dai kashe ta a makare bai gyara abin da ya ɓaci ba. A binciken BENEFIT da aka buga a 2015, an bi mutum 2,854 masu ciwon zuciyar Chagas a ƙasashe biyar. Maganin benznidazole ya rage ƙwayar a jini, amma bai hana zuciyar ci gaba da lalacewa ba. Don haka ake ba da shi ga jarirai, yara da sababbin kamuwa, tun tabo bai kafu ba.