Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan bangon faifai da fosta

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun da asuba na ga tambayarki, na karanta har sau uku, na ajiye wayar na kasa komawa barci. Kin ce ku biyar ne a rukuninku, kun naɗi waƙoƙi shida a matsayin furojet ɗin ƙarshe, malami ya ce sai kun haɗa da bangon faifai da fosta da hotunan talla na waya. Kin ce ke aka ɗora wa zanen, kin kai gwaji wurin masu bugawa ya fito duhu fuskoki ba sa ganuwa, ba ki san girman da ya kamata ba, kuma saura mako uku ku kare aikin a gaban malamai. Wallahi kamar labarina kike ba ni. Ni ma a nan Jos na yi nawa, ni ma ni aka ɗora wa zanen don an ga ina taɓa kwamfuta, kuma abin da ya same ni har yau idan na tuna sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Bari in fara da duhun nan tun da shi ya fi damunki. Ba laifinki ba ne. Fuskar waya da ta kwamfuta haske suke fitarwa, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugawa kuwa tawada huɗu yake zubawa a takarda, CMYK, kuma takarda ba ta da fitila a bayanta. Shuɗi mai ƙyalli da kore shar da ruwan hoda mai walƙiya duk sukan dusashe idan sun sauka a takarda. Fatarmu kuma ita ta fi shan wuya, inuwar da ke gefen fuska sai ta haɗe ta zama baƙi ƙirin. Ki mayar da fayil ɗin bugawa CMYK, ki ƙara wa fuskokin haske har ki ji kamar ya ɗan yi yawa, kuma ki rage hasken kwamfutarki zuwa rabi lokacin da kike aiki, domin cikakken haske yaudararki yake yi.

Mu sunan kundinmu Ƙurar Hunturu. Ni na kawo sunan. Na yi kwana uku ina tashi tun kafin rana ta fito, cikin sanyin nan na Jos da kin sani, yatsuna na karkarwa, ina neman hoton hazo yana sauka kan duwatsu ta ɓangaren Shere. Na samu wanda nake so a rana ta uku, wata itaciya ita kaɗai, ƙura ta lulluɓe bayanta, rana kamar farin faranti. Mako biyu ina zama da zanen nan. Da na gama, shugaban rukuninmu ya ce in ba shi filashin, wai yana da wani abokinsa mai shagon buga takardu kusa da Taminus, zai yi mana ragi. Na ce mu je tare, ya ce ba sai na wahala ba, ai na yi nawa. Na ba shi. Kwana huɗu ina kiransa yana cewa aiki na tafiya. Na ce a turo min hoton gwaji, ya ce wayar mai shagon ba caji. Washegari ya ce babu wuta. Sai daren da za mu kare aikin, wajen ƙarfe tara, ya kawo kwalin bakin ɗakunan kwananmu, ya miƙa wa wata ƙawata ya tafi, bai ma tsaya na fito ba.

Na buɗe kwalin a kan katifa. Kwafi hamsin. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne sunan: Kurar Hunturu. Kura, dabba. Salon rubutun da na yi amfani da shi babu shi a kwamfutar mai shagon, da ya buɗe fayil ɗin sai harafin Ƙ ya zama ɗan akwati, shi kuma bai kira kowa ba, ya goge ya sa K ya wuce. Haka ya bi sunayen waƙoƙin a baya, duk ɗ da ɓ da ƙ ya miƙe musu lanƙwasa. Na juya bayan, an yanke rabin layin ƙarshe. Sannan na nemi inda na rubuta wanda ya yi hoto da zane, babu. An cire sunana. A wurin an saka hoton shugaban namu, ya harɗe hannuwa a ƙirji, hoton ma da aka ɗauko daga WhatsApp duk ya farfashe. Itaciyata kuwa an matse ta gefe don hotonsa ya samu wuri. Na zauna a ƙasa da faifai ɗaya a hannu, na kira shi ya fi sau goma bai ɗauka ba. Da ya ɗauka cewa ya yi, "Haba, ɗan lanƙwasan nan ne matsala? Wa zai lura?" Wa zai lura! Washegari malamin farko da ya ɗauki faifan Bahaushe ne, ya karanta sunan da ƙarfi, ya ɗago kai ya ce wa ya yi zanen nan. Kafin in buɗe baki shugaban namu ya nuna ni da yatsa. Mutumin da ya cire sunana daga bangon, shi ne ya fara ambatonsa lokacin da laifi ya zo. Na tsaya a gaban mutane, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, bakina ya yi nauyi, ban iya cewa komai ba. Har muka gama makaranta bai ba ni haƙuri ba. Ragin da ya ce za a yi mana ma ba mu ga rasit ba har yau. Na bar shi da Allah, amma in ce na manta ƙarya ne.

To ƙanwata, don girman Allah, kada ki ba kowa filashinki ya tafi da shi. Ki je da ƙafarki, ki zauna kusa da mai bugawa, a fitar da kwafi ɗaya tak, ki yanke shi, ki saka cikin kwalin faifan na gaske, ki fita da shi waje ki duba a hasken rana. Gani ya kori ji. Sai kin karanta kowane harafi, kin ba wani wanda bai taɓa ganin zanen ba shi ma ya karanta, sannan a buga saura, sannan a biya cikon kuɗi. Ko sun ɓata rai ki bar su su ɓata.

Maganar haruffa masu lanƙwasa kuwa, ki gwada salon rubutun tun kafin ki so shi. Ki rubuta ɓ ɗ ƙ da manyansu ki gani ko sun yi kama da 'yan'uwansu, domin wani lokacin kwamfuta takan aro harafin daga wani salon ta liƙa, sai ki ga ƙ ɗin ya fi sauran siriri ko ya karkace. Noto Sans da Andika da Charis SIL da Gentium duk suna da haruffanmu kuma kyauta ne. Idan a manhajar zane ta CorelDRAW kike aiki, wanda shi yawancin masu shagunanmu suka saba da shi, ki zaɓi rubutun duka ki danna Ctrl da Q, rubutun zai koma zane, babu kwamfutar da za ta iya canza shi. Amma ki ajiye kwafin asali daban kafin ki yi haka, saboda bayan nan ba ya gyaruwa. Ki kuma tambayi wane zubi na CorelDRAW suke da shi, tsohon zubi ba ya buɗe fayil ɗin sabo. Ni yanzu PDF kawai nake kai musu. In Canva ce, ki zaɓi PDF na bugawa, ki kunna alamun yanka da rarar gefe. Zaɓin CMYK a can sai mai biyan kuɗi, don haka in taki ta kyauta ce sai mai shagon ya juya launin a gabanki ki ga yadda ya koma.

Girma. Faifan CD kansa milimita 120 ne faɗinsa, ramin tsakiya milimita 15, kada ki sa rubutu ko idon mutum kusa da ramin. Takardar gaban kwalin roba kusan 120 da 120 ce. Ta baya kusan 150 da 118, domin gefe biyu suna naɗewa kusan milimita 6 kowanne, nan ake rubuta sunan kundin a tsaye. In kwalin DVD malaminku yake so, 273 da 183 ne, ƙashin bayansa 14. Duk da haka ki sayi kwalin tukuna ki auna da rula, na kasuwa ba duka suke daidai ba. Ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe, wato hoton ya zarce inda za a yanka, masu shago bilid suke ce masa. Rubutu kuma ki ja shi ciki da aƙalla milimita 3 zuwa 5. Rashin wannan ne ya cinye min layin ƙarshe, ko da yake wanda ya matsar da kayan shi ma ya ƙara dagula shi. Ƙarfin hoto 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Ma'ana gaban bangon da rararsa yana neman fiksel kusan 1488 kowane ɓangare, fosta A3 kuwa 3508 da 4961. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, ba zai kai ba. Ki ce a turo miki shi a matsayin dokumen, ko ki karɓa ta igiyar da ke haɗa waya da kwamfuta.

Ƙananan rubutu baƙi, irin jerin waƙoƙi, ki sa su baƙi zalla na tawada ɗaya. In aka haɗa tawada huɗu a siririn rubutu, ɗan gocewar inji kaɗan sai ki ga inuwar ja ko shuɗi a gefen haruffan.

Wani abu da ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Ku zauna ku biyar tun yanzu, ku rubuta a takarda wa ya yi me: wa ya rera, wa ya yi kiɗa, wa ya naɗa, wa ya ɗauki hoto, wa ya yi zane. Kowa ya duba rubutun sunansa ya sa hannu. Kuɗin da aka tara ma a rubuta, a ajiye rasit. Kada kunya ta hana ki. Ni kunya ce ta cuce ni, ina ganin ai abokan karatu ne, shekara huɗu muna tare, mun ci abinci a kwano ɗaya. Kuma kowane mataki na zanen ki tura wa malamin da ke duba ku, ko ki ajiye a imel ɗinki da kwanan wata. Da ina da wannan a ranar nan, da na buɗe waya na nuna musu ainihin abin da na zana. Bayan mako guda na je na nuna wa malamin a ofis, ya jinjina kai ya ce aikin ya yi kyau, amma maki an riga an shigar.

Na so in manta da hoton talla na waya. Wannan ki bar shi a RGB, kada ki tura na CMYK, launinsa zai iya birkicewa. Ki yi babban bango murabba'i fiksel 3000 da 3000, shi ne masu rarraba waƙa zuwa Spotify da Apple Music suka fi nema, kuma zai yi miki aiki a Audiomack da Boomplay. Kada ki sa lambar waya ko adireshin intanet ko farashi a kansa, sukan ƙi karɓa. Na Instagram 1080 da 1350, na sitatus 1080 da 1920, na fuskar bidiyon YouTube 1280 da 720. Kada ki ja hoto ɗaya ki miƙar da shi ya shiga ko'ina, fuska za ta koma kamar ƙwarya. Kowanne ki sake jera shi, amma launi ɗaya, salon rubutu ɗaya, hoto ɗaya, yadda wanda ya ga fostar a bango zai gane ta a waya. Ki rage bangon ya koma girman farcen babban yatsa ki duba. In sunan bai karantu ba, kaya sun yi yawa.

Kuma na san za a matsa miki a sa fuskokin ku biyar duka a gaba. Ki ƙi, cikin ladabi. A sa su a baya ko a ciki. Ki saurari waƙoƙin nan shida a jere, ke kaɗai, ki ga wane hoto ne ya zo miki a rai. Jos ba ta rasa abin ɗauka ba: duwatsun Riyom, tafkunan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield, tsofaffin gidajen Gangare, masu kayan gwari a Farin Gada da sassafe. Amma in za ki ɗauki mutum ki nemi izininsa, kuma kada ki kwaso hoto daga Google, malamai suna tambaya, mai shi ma yana da haƙƙi.

Takarda kuwa, bangon ki ce a yi miki a kati mai nauyin giram 300, fosta a takarda mai sheƙi ta 150. In za a yi lamineshan, wato lulluɓe takardar da siririyar leda, marar ƙyalli yana ɗan danne launi, to a gwada shi ma a kwafin gwajin tun da dama duhu kike kuka da shi. Ki kai aikin saura kwana goma, kada ki bari sai saura biyu, saboda ƙarshen zango shagunan nan cika suke yi da masu buga furojet, ga ɗaukewar wuta.

Ki faɗa min da wace manhaja kike aiki da irin kwalin da kuka saya. In kin fitar da gwajin na biyu ki ɗauke shi a waje da rana, gaba da baya, ki ɗora a nan in karanta miki haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar ina gari, in kina so in raka ki shagon sai ki yi magana.