Amsa ga ɗan'uwanmu na Daura da aka yi wa tayin aikin kula da birai

Salamu alaikum 'yan uwa. Da ƙanena na Daura nake, wanda ya ce ya gama difloma a lafiyar dabbobi, an yi mishi tayin kula da birai a gidan zoo na wani ɗan kasuwa, Baba ya ce shi bai haifi mai wasa da biri ba, kuma yana so ya san ko aikin zai kai shi wuraren bincike nan gaba. Tun jiya nake bin amsoshin, masu dariya na yi, masu turo hoton biri na turowa. Ni kam abin bai ba ni dariya ba, don ruwan da ke shirin dukanka ni ya riga ya jiƙa ni.

Kafin ka ce musu to, ka je ka ga kejin da idonka. Kada ka fara da tambayar albashi, ƙofa za ka duba. Keji na kirki yana da ɗaki biyu, da ƙofa a tsakani wadda ake ja daga waje, ka kora dabbar ɗaya ɓangaren, ka kulle, sannan ka shiga shara. In ka tarar ƙofar nan da waya aka ɗaure ta, wallahi ka juyo gida.

Inda na yi aiki, ba a jiharmu ba ne kuma ba zan faɗi garin ba, haka tamu take. Muna da wani ƙaton gwaggon biri namiji, sakatar ƙofarsa ta karye tun da damina. Na rubuta a littafin aiki, na faɗa wa manaja baki da baki, ya ce a bari a ga kuɗin Sallah. Sallah ta zo. Yara suka wuni suna jifansa, wasu na tsokanarsa da kara, wani ƙaton banza har sigari ya miƙa mishi. Da la'asar manaja ya ce Alhaji mai wurin zai kawo baƙi, sai an wanke kejin yanzu-yanzu. Na ce ranka ya daɗe dabbar nan a fusace take, a bari sai da safe. Ya ce in ba zan iya ba akwai masu jiran gurbina a bakin get. Ina duƙe da tsintsiya na ji wayar ta tsinke. Ina ɗagowa na gan shi ya wage baki kamar mai hamma, yana ɗaga gira, farin fatar idonsa na walƙiya. Ka riƙe wannan, hammar gwaggon biri ba ta barci ba ce, fiƙoƙi yake nuna maka, kuma na babban namiji kan kai santimita 5. A damtse ya kama ni. Da ba don wani dattijo mai ban ruwan fulawa ya sakar mishi ruwan tiyo a fuska ba, da yanzu wani labarin ake.

Amma ba cizon ne ya fi ci mani rai ba. Manajan nan, ina zaune jini na zuba, abin da ya fara cewa shi ne a fitar da ni ta ƙofar baya kada baƙi su gani. A Keke Napep na tafi asibiti, da kuɗina. Da na dawo na tarar an yage shafin da na yi rubutu a littafin, an shaida wa Alhaji wai ni na tsokani dabbar. Aka yanke mani albashi na kwanakin jinya. Mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci! Ko sannu bai taka ya zo ya yi mani ba. Mahaifiyata ce ta sayar da tunkiyarta aka ƙarasa allurai. Shi kuma birin, wanda ba shi da laifin komai, sai ji na yi an ba gardawa shi sun tafi da shi da sarƙa a ƙugu. Manajan kuwa na bar shi da Allah, amma yafiya kam har yau ban iya ba.

To ka sa su rubuta maka a takarda wa zai biya in dabba ta ji maka. Ka yi allurar tetanus da ta haukan kare tun kafin ka fara. In an cije ka, sabulu da ruwa mai gudana minti 15, sannan asibiti, ban da toka ko man birki da mutanenmu ke shafawa. Kuma cutar ba ɓangare ɗaya take bi ba, biri na ɗaukar tarin fuka da mura daga wurinmu, shi ya sa wuraren kirki ke gwada ma'aikaci kafin su bar shi ya kusanci dabba. Takunkumi, safar hannu, rambut, in ba su saya ba ka saya. Kada ka zuba wa biri ido, kada ka yi mishi murmushi har haƙora su fito.

Maganar bincike kuwa, hanya akwai, sai dai ba kejin ɗan kasuwa kaɗai zai kai ka ba. Ka ƙara karatu. Akwai kwalejin kula da namun daji ta tarayya a New Bussa, akwai ta lafiyar dabbobi a Vom kusa da cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke nan tun 1924, in kuma likitan dabbobi kake so ga ABU Zariya ga Danfodiyo Sakkwato. Masu aikin birai na gaske a ƙasar nan yawanci suna kudu da gabas. A Kalaba akwai Drill Ranch da aka buɗe a 1991 don ceton wani nau'in biri da ke dab da ƙarewa. A Gashaka Gumti ta Taraba an fara aikin nazarin birai a 2000, kuma 'yan ƙauyukan wurin aka ɗauka suna bin dabbobin a daji suna rubuta abin da suka ci da inda suka kwana. Kenya na da cibiyar binciken birai a Nairobi. Abin da irin waɗannan wurare ke so su gani a hannunka shi ne rubutu. Ka sayi littafinka na kanka, kullum ka rubuta wa ya ci, wa ya ƙi ci, kashin wa ya canza, wa aka daina yi wa tsifa a cikin garke. Littafin ya kwana a gidanku, ba a ofis ba, ka dai ji abin da aka yi wa nawa rubutun.

Ka kiyayi masu cewa za su samo maka aikin ɗakin binciken birai a Amurka in ka tura kuɗin biza. Can ma tun 2015 gwamnatinsu ta daina ɗaukar nauyin gwaji a kan cimfanzi, babban birin nan mai kama da mutum. Sauran biran ana yi, amma ka tambayi zuciyarka ko za ka iya ciyar da dabba shekara da shekaru sannan ka riƙe ta a yi mata abin da ba za ta tashi ba.

Wani abin da ke ƙona mani rai, tunda an zo wurin. Za a riƙa kawo muku 'ya'yan jan biri a kwali ana cewa tsintuwa aka yi a gona. Ƙarya ce, yawanci jaririn biri ba ya sakin cikin uwarsa sai an kashe ta. Duk wanda kuka saya, kun aiki mafarauci ya koma daji.

Shi kuwa Baba, kada ka yi musu da shi. Ka samu kawu ko limamin unguwarku ya yi mishi bayani cewa ba kiɗa za ka riƙa yi a kasuwa ba. Zolaya kam za ka sha ta, ni har gidan su yarinyar da na nema aka kai maganar, aka ce warin keji nake. In ka je duba wurin ka ɗauko hoton ƙofar da sakatar ka turo nan, zan gaya maka ko ta shiga ce.